Gidajen da Suka Gaji Aikin Jana'iza a Kano: Sadaka ce ko Sana'a?

A Kano mutum zai cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Cikin waɗannan 'yan sa'o'i an yi wanka, an ɗinka likkafani, an haƙa kabari, an samo makara da mota, an yi salla, an rufe. Ba a je wani ofis ba, ba a karɓi rasit ba. Wannan saurin ne ya sa mutane da yawa suke zaton jana'iza a garin nan ba ta da masu ita, duk wanda ke kusa shi ke kamawa. Sai ranar da aka ce wa wani ya kawo kuɗin kabari, ko aka ji ma'aikatan wata maƙabarta suna kukan ba a biyansu, sannan gardama ta tashi. Wasu su ce an mai da gawa haja, wasu su ce an daɗe ana cin gumin bayin Allah da sunan lada.

Abin da ke ƙasa shi ne aikin yana da masu shi. A maƙabartu da yawa na birni akwai gidajen da kaka ya haƙa, uba ya haƙa, yanzu ɗa ne ke riƙe da diga. Ta fuskar gado sun yi kama da kamfanonin jana'iza na iyali da ake gani a Legas ko Amurka. Inda suka bambanta shi ne a can an yanka wa aikin farashi, a nan kuwa an bar shi ga abin da ya sawwaƙa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Haƙƙin mamaci Musulmi a kan rayayyu abu huɗu ne: wanka, likkafani, salla da binnewa. Su ne Bahaushe ke haɗawa ya ce an yi masa sutura. Hukuncinsu farilla ce ta kifaya, wato idan wasu suka yi an ɗauke wa kowa, idan aka rasa mai yi laifin ya hau kan duk wanda ya sani.

Daga nan ne wasu ke ɗauka cewa karɓar kuɗi a kan aikin haramun ne. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ginshiƙin karatun zaure a Kano, ba haka suka ce ba. Masu sharhin Mukhtasar na Shehu Khalil sun halatta a ɗauki mutum aikin wankan gawa ko ɗaukarta ko haƙa mata kabari a biya shi, matuƙar aikin bai zama shi kaɗai ne zai iya yin sa ba. Sallar jana'iza ce suka cire, ita ba a karɓar lada a kanta. Sun kuma tsara inda kuɗin zai fito: ana cire kuɗin sutura gwargwadon al'ada daga dukiyar mamaci kafin a biya basussukan da ke wuyansa, kafin wasiyya, kafin rabon gado.

Shi kuwa kabari, hubusi ne, wato waƙafi, a kan wanda ke cikinsa. Ba a tone shi muddin akwai sauran mamacin a ciki. Filin maƙabartar jama'a kuma ba na mai haƙa ba ne balle ya sayar. Saboda haka abin da baki ya saba kira kuɗin kabari, idan aka warware shi, abu uku ne: ladan haƙa, kuɗin kayan rufi, da ɗan abin da ake bayarwa don ruwa da gyaran wuri. Da za a riƙa kiran kowanne da sunansa, da rabin gardamar ta mutu.

Yadda aikin ya zama kamfani a wasu wurare

A Ingila da Amurka yawancin tsofaffin kamfanonin jana'iza daga shagon kafinta suka faro. Mai yin kujeru da kabad shi ake zuwa wa idan ana son akwatin gawa. A hankali sai ya ƙara da keken dokin ɗaukar akwatin, daga baya ya ware ɗaki a gidansa inda ake ajiye mamaci. Iyali na zaune a sama, aiki na ƙasa, yara suna tashi a ciki. Abin da ya juya sana'ar a Amurka shi ne yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865, lokacin da iyaye suka so a dawo musu da gawarwakin 'ya'yansu daga fagen fama mai nisa, aka shiga yi wa gawa allurar hana ruɓewa. Da aka kashe Shugaba Abraham Lincoln a 1865, an yi wa gawarsa wannan aiki, aka zaga da ita garuruwa a jirgin ƙasa kusan mako biyu, jama'a suka gani suka karɓa.

Bayan ƙarni guda manyan kamfanoni suka fara saye na iyali. Service Corporation International, wanda aka kafa a Houston a 1962, ya sayi ɗaruruwansu, kuma sau da yawa yakan bar sunan tsohon gidan a kan allo saboda sunan ne jama'a suka amince da shi. Koke-koke kan tsawwala wa masu makoki suka sa a 1984 gwamnatin Amurka ta fara aiki da ƙa'idar da ta tilasta wa kowane kamfani ya ba mai saye jerin farashin kowane abu daban.

Legas ma ta bi wannan sawu. Titin Odunlami da ke Tsibirin Legas ya yi suna da masu akwatin gawa, kuma kamfanin MIC na iyalan Okusanya daga aikin kafinta ya taso tun shekarun 1940. Shugaban kamfanin da ɗansa suna cikin waɗanda suka rasu a hatsarin jirgin sama na 3 ga Oktoba 2013, jirgin da ke ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu. Uba da ɗa a kan aiki ɗaya, wannan shi ne yanayin sana'ar a ko'ina.

Idan aka duba da kyau, ribar irin wannan kamfani daga abu uku take fitowa: jinkiri, akwati, da taro. Kowace rana da gawa ta ƙara a ajiye kuɗi ne. Akwati yana da daraja hawa-hawa. Taro kuma yana son mota, ado da masu ɗauka.

Dalilin da Kano ba ta bi wannan hanya ba

Musulunci ya toshe ƙofofin nan uku. An yi umarni a gaggauta jana'iza, don haka babu ajiya. Farin ƙyalle ya maye gurbin akwati, kuma attajiri da almajiri kusan iri ɗaya ake naɗe su. Makara kuwa ta masallaci ce ko ta unguwa, aro ake yi a mayar. Zafin gari ma ya taimaka, domin a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gawa ba ta jira.

Akwai kuma tarihi. A da, binne mutum a cikin gida ko a bayan gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, dangi da maƙwabta su ke haƙawa. Sauran wannan al'ada yana nan ga manya: an binne Malam Aminu Kano a gidansa na Gwammaja a Afrilun 1983, wurin da yanzu ake kira Mambayya, Sarki Ado Bayero kuma a Yunin 2014 aka kai shi gidan sarki na Nassarawa, inda wasu daga cikin magabatansa suke. Da gari ya cika, gidaje suka matse, musamman bayan zuwan Turawa a 1903 da dokokinsu na tsaftar gari, sai binnewa ta tattara a manyan maƙabartu irin su Ɗandolo da ke Goron Dutse, da ta Abbatuwa wajen Ƙofar Mazugal, daga baya irin su Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi. Wurin da ake kawo gawa kullum dole ya sami wanda zai zauna kullum.

A nan ne gidajen gado suka samu. Bahaushe dama ya saba sana'a ta bi jini: wanzanci, ƙira, fawa, jima, rini. Amma waɗancan duk suna da kasuwa da farashin da aka sani. Haƙar kabari ta shigo layin gado ba tare da farashi ba, saboda wanda ya fara ta yawanci don Allah ya fara, yana da gonarsa ko wata 'yar sana'a a gefe.

Abin da ya riƙe aikin a gida ɗaya ba sha'awa kaɗai ba ce. Galibin tsofaffin maƙabartu ba su da taswira, kaburbura kuma ba su da suna. Sanin inda aka binne shekara talatin da suka wuce, da inda ruwa ke kwanciya, da inda za a sara a tarar da ƙashi, duk a kan mutum yake, kuma yaron da ya taso yana miƙa wa babansa shebur shi ke ɗauka. Ga shi kuma mutane da yawa suna tsoron wurin, ba kowa zai kawo ɗansa koyo ba. Babban cikinsu shi ke raba aiki, a wasu wuraren ana ce masa sarkin maƙabarta.

Aikin da ake yi kafin makara ta iso

Da zarar an tabbatar da rasuwa, sai a rufe wa mamaci ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a miƙar da gaɓoɓi tun jiki bai sandare ba. Idan aka yi sakaci da wannan, wanka da naɗi duk sai sun ba da wuya. Sannan a auna tsawonsa da kara ko igiya a aika maƙabarta. Yanzu wasu a waya suke faɗa, kuma a nan ake yawan samun kuskure: a ce babba ne kawai, a zo kabari ya gaza, jama'a na tsaye ana ƙarin sara. Faɗin jiki ma yana bukatar a faɗe shi, ba tsawo kaɗai ba.

Maza ke wanke namiji, mata su wanke mace, miji da mata kuma kowanne na iya wanke ɗan'uwansa. A unguwanni da yawa akwai dattijo ko dattijuwa da aka sani da wannan, kuma a ɓangaren mata sau da yawa 'ya ko jika ce ke riƙe mata buta har ta gaje ta. Ana rufe al'aura, a matsa ciki a hankali, a wanke najasa da hannu a naɗe da ƙyalle, a yi alwala, sannan a wanke gefen dama kafin hagu. Ana so wankan ya zama mara, uku ko biyar, da ruwan magarya ko sabulu, a sa kafur a na ƙarshe. Gawar da ta fito daga asibiti tana zuwa da nata aikin: wurin da aka cire robar ƙarin ruwa ko aka yi tiyata yakan ci gaba da tsatsa, sai an toshe da auduga, in ba haka ba likkafani ya ɓaci kafin a kai masallaci. Wanda wuta ta ƙona ko jikinsa ya lalace, zuba ruwa ake yi ba cuɗawa, idan hakan ma ba zai yiwu ba a yi masa taimama.

Likkafani a Malikiyya an fi so namiji ya sami guda biyar, wato riga, rawani, gyauto da mayafai biyu, mace kuma bakwai. Wasu malaman sun fi son mayafai uku kawai, bisa hadisin Nana A'isha cewa a cikin fararen tufafi uku aka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sutura, babu riga babu rawani. Wanda bai da hali, guda ɗaya da zai rufe jiki ya wadatar. Lissafin yadi a faɗin ƙyallen yake. Kowane mayafi na babban mutum yana cin kimanin yadi biyu da rabi, domin sai an bar rarar da za a ɗaure ta kai da ta ƙafa, uku ke nan sun tashi yadi bakwai da rabi. Idan ƙyallen mai ƙaramin faɗi ne, sai tela ya haɗa biyu, yadin ya kusa ninkawa. Shi ya sa masu hali da masallatai suke sayen bandir guda a Kantin Kwari su ajiye, don rasuwar dare ba ta jiran a buɗe kasuwa.

A maƙabarta, kayan aikin ba su da yawa: diga, shebur, fartanya, kwanon ɗiban ƙasa, baro, bokiti da jarkokin ruwa. Kabari yana miƙewa kudu da arewa, kai a kudu, mamaci a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Ana fara haƙa babban rami mai faɗi, wanda ake kira uwa, sannan a tsakiyarsa a haƙa siririn da gawa za ta kwanta, wato 'ya, a bar gefe da gefe inda kayan rufi za su zauna. Wannan shi ne shaƙƙu a harshen fiƙihu. Lahadu, wanda ake rarake gefen alƙibla, shi aka fi so idan ƙasa na da ƙarfi, amma a ƙasa mai yashi rufta wa mutum yake yi. Zurfin da shari'a ta nema shi ne wanda zai hana wari fita ya kuma hana dabba tonowa.

Rufi shi ne inda kuɗi da ƙwarewa suka haɗu. Ana jera itace a gicciye ko a kifa ɓarin tukwanen ƙasa a kan 'yar, a toshe ƙofofi da guntayen tukwane ko ganye, a kwaɓa ƙasa a shafe sosai, sannan a tura busasshiya a tayar da kabarin kamar taƙi ɗaya. Ɗanyen itace marar ƙwari gara ke cinye shi cikin 'yan watanni. Tukunyar da ba ta gasu ba tana narkewa idan ta sha ruwa. Kwaɓin da aka yi da ƙarancin ruwa kuma yana tsagewa. Sakamakon duka ukun ɗaya ne: ruwan Agusta ya zo kabari ya rufta. Da rani matsalar ta juya, marmara ta bushe ta zama kamar dutse, ramin da zai ci sa'a guda ya ci uku, sai an jiƙa wurin tun dare. Maƙabartar da ba ta da rijiya ko burtsatse, daga 'yan garuwa ake sayen wannan ruwa. Don gudun tsayar da jama'a, ƙwararrun ma'aikata sukan haƙa 'yan kaburbura su ajiye, manya da na yara, amma da damina ba ya yiwuwa sosai domin ramin kan cika da ruwa.

Wannan duka aikin ƙarfi ne na yini, babu Juma'a babu Sallah, kuma abin da ke shiga hannunsu yawanci shi ne abin da masu gawa suka miƙa, da ɗan abin da aka tara a bakin ƙofa, da 'yar ribar tukwane ko itace. Inda ake ba su alawus daga ƙaramar hukuma ko kwamitin unguwa, ba ko'ina ba ne, kuma ba abin da mai iyali zai dogara da shi ba ne.

Sabon Gari

Cikin Kanon nan akwai inda jana'iza take sana'a a fili. Sabon Gari, wadda aka kafa tun farkon mulkin Turawa don baƙi daga kudu, tana da kafintocin akwatin gawa da masu motar ɗaukar gawa, kuma su ma sau da yawa aikin gida ne, yaro ya koya wurin uba ko kawu. Dalilin kasuwar a bayyane yake: yawancin Kiristocin da suka fito daga kudu, musamman Ibo, a garinsu ake binne su, kuma sai dangi sun taru. Gawa za ta kwana a ɗakin ajiya na asibiti makonni ko watanni, ana biyan kuɗin allura da na kowace rana, sannan akwati, sannan mota ta yini guda ko fiye. Direba kuma sai ya riƙe takardar shaidar rasuwa daga likita da ta asibitin da ya ajiye gawar, saboda shingayen hanya. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da coci-coci su ke haɗa gudummawar da ke ɗaukar wannan nauyi. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya fi taɓa wannan ɓangare, domin kuɗin mota na cikin manyan abubuwan da ake kashewa.

Abin da Afrilun 2020 ya tona

Lokacin da mace-mace suka yi yawa a Kano a farkon annobar korona, ba daga asibiti labarin ya fara fitowa ba. Masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawo musu sun ninka abin da suka saba, 'yan jarida suka ɗauka daga bakinsu. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalai ya gano mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin suna da alaƙa da cutar.

Dole aka koma tambayar iyalai saboda babu rajistar da za a buɗe. Mafi yawan waɗanda suka rasu a gida suka cika, aka binne su a ranar. Mutanen da suka fi kowa sanin adadin mamatan birni su ne waɗanda ba sa cikin lissafin ma'aikatan kowa. Su ne kuma, tare da masu wanka, suka riƙa taɓa gawa da tsayawa cikin taro, yawancinsu ba safar hannu ba takunkumi. Haɗarin bai tafi da korona ba, domin gawar wanda kwalara ko zazzaɓin Lassa ya kashe tana iya harbin mai wanka.

Wa doka ta ɗora wa nauyi

Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kafa maƙabartu da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da rajistar haihuwa da mutuwa. Dokar 1992 ta rajistar dole kuma ta ba Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aikin rajistar. Fili kuwa, a ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, na cikin birni a hannun gwamna yake. Ke nan shugaban ƙaramar hukumar Dala ko Fagge yana da alhakin maƙabarta, amma ba shi da ikon yanka sabon fili, kuma a yankinsa ma babu sauran filin. Mutumin Gwale kuma ana iya binne shi a wata ƙaramar hukumar da ba ta san da shi ba a kasafinta. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya sa wasu na ganin yanzu akwai wanda za a tuhuma, amma hukuncin bai warware maganar fili ba.

Lissafin filin kuma ba mai wuya ba ne. Idan kabari ɗaya da ɗan ratar da ke kewaye da shi ya ci murabba'in mita uku, hekta guda ba za ta ɗauki fiye da kabari 3,333 ba, ko da ba a bar hanya ba. Maƙabartar da ake binne mutum goma a rana tana cinye fiye da hekta a shekara. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin birni takwas kimanin mutum miliyan 2.8, kuma gari ya ƙaru nesa ba kusa ba tun lokacin. Sakamakon shi ne maimaita binnewa a tsohon wuri, wanda ke ƙara dogaro ga ƙwaƙwalwar gidajen gado, da cin gefen maƙabarta inda babu katanga.

Ra'ayoyin da ake kai ruwa rana a kansu

Masu cewa a bar abin yadda yake suna da hujja mai ƙarfi. Tsarin sadaka ya tabbatar da cewa ba a taɓa mayar da gawa gida don rashin kuɗi ba, kuma mai hali yana biya wa marar hali ba tare da an sani ba. Tsoronsu shi ne ranar da aka rubuta farashi a allo, ranar ce za a fara kabarin masu kuɗi da na talakawa, kamar yadda maƙabartun kuɗi suka bayyana a Legas. Raunin wannan ra'ayi shi ne nauyin alherin yana kan mutanen da su kansu mabukata ne.

Masu cewa gwamnati ta ɗauke su aiki suna kafa misali da Saudiyya da Turkiyya, inda hukumomin gari ke ɗaukar nauyin binnewa. Albashi zai kawo rajista, lokacin aiki da wanda za a kai wa ƙara. Masu shakka suna tambaya ko wa za a ɗauka: waɗanda suka gaji aikin, ko waɗanda ke da wani a sakatariya. Suna kuma tuna cewa ma'aikacin da aka riƙe wa albashi yakan tafi yajin aiki, gawa kuwa ba ta jiran a sasanta.

Akwai masu ra'ayin a yanka ladan haƙa da kuɗin kayan rufi a bayyana, a ware asusun da zai biya wa wanda ba shi da shi. Wannan ya dace da abin da fiƙihu ya tanada na cire kuɗin sutura daga dukiyar mamaci, kuma yana kare mai makoki daga ciniki a lokacin da ba ya cikin hayyacinsa. Matsalarsa ita ce hauhawar farashi: kuɗin da aka yanka bana ba zai sayi tukwanen baɗi ba, kuma tantance wanda ba shi da hali a bakin kabari abu ne mai nauyi.

Hanya ta huɗu ita ce hubusi: a tsayar da shaguna ko gidan haya da kuɗinsu zai riƙa biyan ma'aikata da sayen kaya. Kano tana da hukumar zakka da hubusi tun 2003, kuma kwamitocin unguwanni da 'yan agajin ƙungiyoyin addini sun riga suna yin wani ɓangare na wannan, kamar motar gawa ta kyauta, katanga, fitila da burtsatse. Abin lura shi ne masu bayarwa sun fi son abin da ake gani. Katanga tana samun mai ginawa da wuri, ladan wata-wata na mai diga shi ne ke rasa mai ɗauka.

Abin da zai iso ƙofar mai gida

A yau babban kashin kuɗin mutuwa a gidan Bakano sau da yawa ba a maƙabarta yake ba. Yana wajen zaman makoki: hayar rumfa da kujeru, tabarmi, ruwan leda, abincin baƙi na kwana uku, ga sadakar uku da bakwai da arba'in ga masu yi, wadda malamai suka daɗe suna saɓani a kanta. Waɗannan duk suna da farashi tsayayye kuma ana biya ba gardama. Sunna kuwa ita ce maƙwabta su dafa wa gidan mutuwa, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar ɗan Abi Ɗalib.

Sai maganar takarda. Iyalin da suka binne ba tare da shaidar rasuwa ba sukan gane amfaninta bayan watanni, lokacin da banki ko ofishin fansho ko kotun rabon gado suka nema. Wanda ya rasu a asibiti, a karɓi takardar likita kafin a fita da gawa. Wanda ya rasu a gida, a je ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukuma da wuri, tun shaidu suna kusa. Mutuwar hatsari ko wadda ake zargin hannu a cikinta kuma sai an sanar da 'yan sanda kafin wanka, domin bayan an rufe ƙasa tonowa sai da umarnin hukuma.

Sauyin da ya fi kusa shi ne na nisa da na hannu. Sababbin maƙabartu a bakin gari za su kasance, wajen Kumbotso da Ungogo da gaba, wanda ke nufin ɗaukar makara a kafaɗa zai ragu, kuɗin mota ya zama dole, masu rakiya su ragu. A sabon fili kuma babu tsohon gidan da ya gaji wurin, sai an ɗauko leburori, su kuwa da yarjejeniya suke aiki. A tsofaffin wuraren ma, saurayin da ya ga abin da babansa ke komawa gida da shi bayan yini a rami, ya kuma ga abin da sa'ansa ke samu a tuƙin Adaidaita Sahu ko dako a kasuwar Singa, ba lallai ya karɓi digar ba. Idan ya ƙi, abin da zai ɓace tare da dattijon har da sanin wane ɓangare ne aka cika shekarun baya, da wane ne za a iya sake sara ba tare da an taɓa wani ba.